Yadda Ake Gina Tanderun Toya Tukwane da Yadda Ake Ba Shi Wuta

Duk wanda ya taɓa zuwa matoya da sassafe, bayan an kwana da toyi, ya san inda zuciyar maginin tukwane take a wannan lokacin. Ana share toka, ana ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya ana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa. Wannan ta yi ƙara, a ajiye ta gefe. Wannan ta tsage daga baki har gindi. Waccan kuwa gefe guda ya yi ja, ɗaya gefen yana nan ɗanye, ranar da aka zuba mata ruwa za ta fara zubar da ƙasa. Wahalar mako uku ce wuta take yanke wa hukunci cikin awa ɗaya.

Ba raina matoyar iyayenmu nake yi ba. Da ita aka toya randunan da Kano ta sha ruwan sanyi shekaru aru-aru, kuma akwai kayan da har gobe ita ta fi dacewa da su. Matsalarta ɗaya ce: wuta da kaya a haɗe suke. Ana jera tukwane, a lulluɓe su da kara da ciyawa da busasshen kashin shanu, a kunna, daga nan sai abin da iska ta ga dama. Zafin yakan tsaya ne tsakanin digiri 600 da 800 a ma'aunin Salshiyas, mafi yawansa kuma sama yake tafiya. Tanderu kuwa ɗaki ne da ake gina wa wuta. Ita tana ƙasa, kaya suna sama, bango yana riƙe zafi, kai kuma kana da ikon cewa ta yi sannu ko ta yi sauri. Ba baƙon abu ba ne a garin nan. Masu gurasa a Jakara da tanderu suke aiki kullum, kuma tun wajen ƙarni na 7 aka riƙa narka tama a gindin Dala, abin da ba ya yiwuwa sai an killace wuta.

Wanda zan bayyana ƙarami ne, mai faɗin mita ɗaya a ciki, wanda mutum biyu za su iya ginawa da ƙasa ba tare da siminti ko buhu ɗaya ba. Irinsa na gina, kuma da shi nake toya tukwanen furanni, kaskon turare, asusu, tanda da ƙoƙon cikin murhun gawayi.

Wurin da za a gina

Kada ka gina shi a lungu cikin gari. Hayaƙin awanni uku na farko mai kauri ne, kuma tartsatsi ba ya tambayar rumfar waye. Nemi fili a bayan gari, mai tazarar taku ashirin ko fiye daga ɗaki, rumbu, danga ko wayar lantarki. Ka sanar da maƙwabta da mai unguwa tun kafin ka aza bulo na farko. Wurin ya zama tudu, inda ruwa ba ya kwanciya da damina, domin damshin ƙasa yana shanye zafi kamar soso. Kuma ya kasance a sarari. Hayaƙin garwashi a rufaffen wuri yana kisa kamar na janareto, ba ya kuma wari balle ya yi gargaɗi.

Ka lura da iska. Da hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Idan bakin wuta ya fuskance ta kai tsaye, za ta riƙa hura maka wutar a lokacin da kake son ta kwanta. Sa bakin a kaikaice, ka tanadi tsohon ƙyaure da za ka riƙa kare shi.

A gwada ƙasa tukuna

Nan ne mutane suka fi yin gaggawa, nan ne kuma ake shuka asarar da za a girba ranar toyi. Ba kowace jar ƙasa ce yumɓu ba, ba kuma kowane yumɓu ne yake jure wuta ba. Ko daga fadama ka samo shi, ko bakin kogi, ko tsohon kududdufi, yi masa gwaji uku.

Na farko, kwaɓa ɗan kaɗan ka murza shi ya yi kaurin ɗan yatsa, ka naɗe shi a yatsanka kamar zobe. Idan ya naɗu ba tare da ya karye ba, yana da danƙo. Idan ya gutsuttsure, yashi ya yi masa yawa.

Na biyu, yi ɗan allo mai kaurin yatsa, ka ja layi a kai na santimita 10 daidai, ka ajiye a inuwa ya bushe. Sake aunawa. Idan layin ya dawo wajen 9 da rabi, lafiya lau. Idan ya dawo 9 ko ƙasa da haka, ko allon ya kantare, danƙon ya yi yawa, sai an surka. Abin surki mafi kyau shi ne dakakken tsingaro. A tattara fasassun tukwane, a daka a turmi, a tankaɗe ya zama kamar tsakin gero. Tsingaro ya riga ya sha wuta, ba zai ƙara motsi ba, shi ne ƙashin bayan tukunya. Fara da kwano ɗaya na tsingaro cikin kwano huɗu na yumɓu, ka sake gwadawa.

Na uku shi ne wanda ba a cika yi ba. Duba ko akwai ƙananan fararen duwatsu a cikin ƙasar. Ka tsince guda biyu ka matsa musu lemon tsami. Idan suka yi kumfa, dutsen farar ƙasa ne. Wuta za ta dafa shi, tukunya ta fito lafiya ƙalau, sai bayan kwanaki ya sha damshin iska ya kumbura, ya ɓantare jikinta a hannun wanda ya saya. Irin wannan yumɓun sai an jiƙa shi ya zama kamar kunu, an tace da rariya mai ƙananan ido, an bar shi ya tsane.

Bulon ginin

Bulon siminti ba ya wannan aiki. Zafi yana cinye shi, ya koma gari. Idan kana da halin sayen jan bulo gasasshe, madalla. Idan babu, buga naka. Ka sa kafinta ya yi maka ƙwarya ta katako mai tsawon santimita 23, faɗi 11, kauri 7. Haɗin shi ne yumɓu kashi uku, tsingaro ko yashi mai gautsi kashi ɗaya, ɓuntun shinkafa ko garin katako kashi biyu, duk da awon kwano. Garin katako yana nan jibge a 'Yan Katako ta Na'ibawa, ɓuntu kuwa masu injin casa a Kura neman mai kwashe shi suke yi. Amfaninsa shi ne in wuta ta ci shi sai ya bar ƙananan ramuka a jikin bulon, iskar da ke cikin ramukan ita ke hana zafi tserewa. Bulo mai nauyi yana shan itacenka kafin kayanka su samu.

A tattake haɗin da ƙafa, a bar shi ya kwana biyu a rufe, sannan a buga. Za ka buƙaci wajen 600, don haka buga 650 saboda karaya. Ban da su, buga wasu 30 na musamman masu tsawon santimita 28, waɗanda babu ɓuntu a ciki, sai yumɓu da tsingaro mai yawa. Su ne daɓen da kaya za su zauna a kai, kuma su kaɗai ne dole a gasa tun kafin gini, ko da a matoyar gargajiya ne. Duka a shanya su a inuwa kwana goma zuwa mako biyu, ana juyawa.

Ginin kansa

Share wurin ka daddaɓe shi. Kafa turke a tsakiya, ka ɗaura igiya, ka zana da'ira biyu: ta ciki da igiya mai santimita 50, ta waje da mai 73. Shimfiɗa bulo sahu ɗaya a duk faɗin wurin, har da inda bakin wuta zai zauna, don raba tanderun da damshin ƙasa.

Jera bulo tsakanin layukan biyu, kowanne kansa yana kallon turke, yadda kaurin bango zai zama tsawon bulo guda. Abin liƙi shi ne wannan haɗin da ka buga bulon da shi, a sassauta shi da ruwa. A ciki bulo su matsu da juna sosai, giɓin da zai buɗe ta waje a cike shi da laka da gutsattsarin tsingaro. Kowane sahu ya hau kan mahaɗar na ƙasansa. Ka bar ƙofa mai faɗin santimita 40 a gefen da ka zaɓa wa wuta.

Daga wannan ƙofar ka fitar da ɗan lungu waje, faɗi 40, tsayi 40, tsawo kamar 65. A cikinsa itace zai riƙa ci, harshen wutar ne kawai zai shiga ƙarƙashin kaya. Rufinsa baka ake yi. Hanya mafi sauƙi ita ce a tara jiƙaƙƙen yashi a cikin lungun, a siffanta bayansa kamar bayan kunkuru, a jera bulo a kai, in ya bushe a yashe yashin. A cikin lungun, kamar taƙi ɗaya sama da ƙasa, gitta rodi mai kauri guda biyar ko shida, ko tsohon sifirin na mota, irin wanda ake samu a Ƙofar Ruwa. Itace yana kansu, iska tana shiga ta ƙasa, toka tana zuba. Ƙarfen zai lanƙwashe da daɗewa, don haka kada ka binne shi cikin gini yadda ba zai ciru ba.

Idan bango ya kai santimita 40, sahu na gaba ka turo shi ciki da yatsa uku ya zama ɗan dandamali kewaye. Sannan a cikin da'irar ka gina 'yan katangu uku a jere, daga wajen ƙofa zuwa baya, kowace kaurin faɗin bulo, da tazarar santimita 17 tsakaninsu, tsayinsu daidai da dandamalin. Abu biyu kada a manta. Su faro daga taƙi ɗaya da rabi bayan ƙofa, don wuta ta sami filin rabuwa. Kuma a bar tagogi a jikinsu, bulo ɗaya giɓi ɗaya, don ta ratsa daga wannan kwararo zuwa wancan. A kansu za ka shimfiɗa dogayen bulon nan gasassu, da giɓin yatsa biyu tsakanin kowanne. Wajen bakin wuta ka matse giɓin, can baya ka ɗan buɗa shi. Wuta gajeriyar hanya take so, in ka bar ta duk a gaba za ta tashi, kayan baya su fito ɗanyu.

Daga daɓen ka ci gaba da bango har mita ɗaya, kana ɗan jawo sahu huɗu na ƙarshe ciki kaɗan-kaɗan. A gefen da ke nesa da bakin wuta bar ƙofar loda kaya mai faɗin santimita 45, wadda za a riƙa toshewa da bulo da laka duk ranar toyi. Bar ƙananan ramukan leƙe guda biyu, ɗaya taƙi guda sama da daɓe, ɗaya kusa da baki, kowanne da murfinsa na yumɓu. Sama a buɗe take. Shafe bayan ginin da laka mai ciyawa, kaurin yatsa huɗu, ka ɗaure shi da waya mai kauri ko rodi a wuri biyu, sama da ƙofar loda da ƙasanta, domin tanderu yana numfashi, yana buɗewa da zafi yana komawa da sanyi.

Ba shi mako guda ya sha iska. Sai ka yi kwana uku kana hura masa 'yar wuta kamar ta dafa shayi, awa biyu-biyu. A rana ta huɗu ka rufe samansa, ka toya shi babu kaya har cikinsa ya yi ja. Tsagar da ta bayyana a cike ta.

Busar da kaya da jera su

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kayan da za su shiga wuta su yi mako ɗaya zuwa biyu a inuwa, sannan kwana biyu a rana. Da hunturu a kula, don iskar tana busar da baki ta bar gindi, sai tsaga. A rufa musu buhu kwanakin farko, a kife su in bakin ya yi ƙarfi. Gwajin bushewa shi ne ka ɗora gindin tukunya a kumatunka. In ka ji sanyi, da sauran ruwa.

Wajen jerawa, fara da shimfiɗa manyan tsingaro a kan giɓin daɓe, a karkace, yadda wuta za ta wuce amma ba za ta mari kaya kai tsaye ba. Manya masu kauri a ƙasa, a kife. Matsakaita a kansu, baki da baki ko gindi da gindi. Ƙanana kamar asusu da kaskon turare a cusa su a giɓi. Ana iya sa ƙarama cikin babba, amma kada ta matse, kuma kada a toshe bakin kowace tukunya ruf, a ɗan ɗaga ta da guntun tsingaro. Bar yatsa uku tsakanin kaya da bango. Tanderu cikakke ya fi rabi toyuwa daidai, saboda kayan su ma suna riƙe wa juna zafi.

Daidai kowane ramin leƙe ka ajiye zobban yumɓu uku ko huɗu, waɗanda za ka iya zarowa da ƙugiyar rodi. In ba ka da ma'aunin zafi, ga dabara mai araha. Ɗora guntun tsohuwar tukunyar alminiyam a kan tsingaro inda ido zai gan shi, da ɗan tsibin gishiri a wani. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, gishiri a 801. Sun zama shaidu biyu a cikin wuta.

Rufe sama da manyan tsingaro hawa biyu ko uku, kamar ɓawon kifi, ka shafa laka mai ciyawa sama-sama, ka bar ramuka biyar ko shida masu faɗin dunƙulen hannu, ɗaya a tsakiya sauran kewaye. Ba na son sabon kwanon rufi a nan, farin da ke jikinsa yana ƙonewa ya ba da hayaƙi mai sa zazzaɓi.

Ba da wuta

Duk abin da ya gabata shiri ne. Aikin yana nan.

Tanadi busasshen itace, kura guda cike da ɗan ƙari, a faskara shi siriri kamar damtsen yaro. Rassan darbejiya da aka sassabe, ragowar katako marar fenti da karan dawa duk suna yi, kuma sun fi a sare ɗanyar bishiya a dajin da ya riga ya ƙare. Taya, leda da baƙin mai kada su kusanci wurin. A ajiye bokitin ruwa biyu da tulin yashi, a sa rufaffen takalmi da tufafin auduga, a kori yara nesa. Ku zama mutum biyu, don in ɗaya ya tafi salla ɗaya yana bakin wuta.

Ni da hantsi nake kunnawa, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, saboda ƙarshen aikin ya faɗo cikin duhu, lokacin da ido ke iya karanta launin wuta.

Daga kunnawa har wajen ƙarfe biyu, wutar hayaƙi ce kawai. Itace biyu ko uku masu kauri, a can bakin lungu, suna ci a hankali. Harshen wuta kada ya shiga ciki ko kaɗan. Komai bushewar tukunya akwai ruwa a jikinta, kuma a digiri 100 ruwan nan tururi yake zama. In ya fita a hankali, lafiya. In aka matsa masa, sai ya fasa hanya. Ka riƙa kara madubi ko fuskar adda mai sanyi a ramin sama. Muddin tana yin gumi, kada ka ƙara ko tsinke.

A nan na yi asarar da ba na mantawa. Toyina na farko, awa ɗaya da kunnawa na ga kamar ba abin da ke faruwa, sai na tura dami guda na kara. Ba a yi minti biyar ba na ji fas, sai wata fas, kamar ana fasa gurjiya. Wani dattijo maginin tukwane da na roƙa ya zo ya duba mini yana zaune a kan turmi. Ya ce, "Ɗan nan, janye wutar." Na ce, "Baba, ai ko zafi bangon bai yi ba." Ya ce, "Ba bango kake toyawa ba. Tukunya jaririya ce, ba a yi mata wanka da tafasasshen ruwa." Washegari muka fitar da tukwanen furanni arba'in da biyu, goma sha bakwai gindinsu ya tashi, kuma duk na sahun ƙasa ne, masu kauri, waɗanda na fi shan wahalar ginawa.

In madubi ya daina gumi, ƙara rabin awa, sannan ka fara tura wutar ciki. Daga nan zuwa magariba hawa ake yi kamar hawan Dala da kaya a ka, taki ɗaya bayan ɗaya. Itace biyu, in sun ci rabi a ƙara uku. Tsakanin digiri 450 da 600 wani ruwan ne yake fita, wanda yake a ƙulle cikin ƙwayar yumɓun kanta, kuma fitarsa ce ke mai da laka tukunyar da ruwa ba zai sake narkarwa ba. A digiri 573 kuma yashin da ke ciki yana kumbura farat ɗaya. Idan gefen tukunya ɗaya ya kai nan ɗaya gefen bai kai ba, ita ce tsagar nan mai tsawo. Don haka a wannan zangon ba a son wuta mai tashi da faɗuwa. Baƙin toka zai rufe tsingaron sama, daga baya ya fara washewa. Alama ce mai kyau.

Wajen magariba buɗe ramin ƙasa ka leƙa daga ɗan nesa, kada ka kafa ido a bakinsa. Za ka ga ja mai duhu, kamar garwashin da ya fara mutuwa. Ba da jimawa ba alminiyam zai sulale. Yanzu haɗari ya wuce, a ba wuta abinci. Siraran itace da kara, kaɗan-kaɗan, akai-akai. Mai zuba da yawa a lokaci guda yana shaƙe wutarsa. Baƙin hayaƙi mai kauri itace ne yake tafiya sama bai biya kuɗinsa ba, kuma zafi sauka yake yi a lokacin. Jira hayaƙin ya washe kafin ka ƙara. In garwashi ya taru ya toshe ƙarƙashin rodi, kwashe shi da shebur, iska ta samu hanya.

Wajen zafi, sama kullum tana bayan ƙasa. In gefe ɗaya ya fi duhu, toshe ramukan saman da ke gefen mai haske da tsingaro, ka buɗe na gefen mai duhu, wutar za ta bi. Ja zai koma kamar nunannen attaruhu, gishiri ya narke, ka san ka haura 800. Bayan isha'i launin zai fara komawa ruwan lemo, harshen wuta yana leƙowa ta ramukan sama, wato kana wajen 900 zuwa 950. Zaro zobe ɗaya, bar shi ya huce, ka karya. In cikinsa ja ne har tsakiya kuma farce ba ya kankare shi, ya nuna. In akwai baƙi a tsakiya, da saura. In na ramin sama ma ya nuna, riƙe wutar a haka minti talatin zuwa awa ɗaya ba tare da ƙari ba, don zafin ya game ko'ina.

Inda za ka tsaya ya danganta da kayan. Tukunyar furanni, bulo da indararo suna son su kai ruwan lemo, su yi ƙarfi. Randa da tulu kuwa a tsaya a jan attaruhu. Sanyin ruwan randa daga tsattsafowar da yake yi ta jikinta ne iska tana busarwa, in aka toya ta ta liƙe, an kashe amfaninta. Haka tukunyar girki da tanda: wadda ta sha wuta fiye da kima ba ta jure murhu, tsagewa take yi. Shi ya sa na ce matoyar gargajiya tana da gaskiyarta.

In jajayen kaya kake so, bar garwashi ya cinye da iska, sannan ka rufe. In baƙaƙe, cusa garin katako ko busasshen kashin shanu a lungu a ƙarshe, ka toshe ko'ina nan take, hayaƙin zai shiga jikinsu.

Hucewa da buɗewa

Toshe bakin wuta da bulo da laka, toshe ramukan sama da na leƙe. Iska mai sanyi in ta shiga, yashin nan da ya kumbura zai koma da sauri, kayan da suka tsira daga wuta su mutu a sanyi. Wannan tsagar siririya ce kamar gashi, ba a ganinta sai an ƙwanƙwasa an ji muryar ta dushe. Ka bar shi awa 24. Sannan ka buɗe rami ɗaya a sama, bayan awa biyu ka kwashe tsingaro, ka buɗe ƙofa in hannu yana iya taɓa kaya. A ƙwanƙwasa kowanne. A cika guda biyu da ruwa su kwana. Waɗanda suka fashe kada a zubar, su ne murfi da surkin toyi na gaba.

Iyakar wannan tanderun

Da shi za ka iya gasa bulo ɗari biyu ko uku a lokaci guda, sai dai wutar hayaƙinsu ta fi tsawo saboda kauri, yini guda cur. Yana iya dafa dutsen farar ƙasa, wanda ke buƙatar wajen digiri 900 na tsawon awanni, amma abin da zai fito yana ƙuna in ya haɗu da ruwa ko gumi, sai da safar hannu da kariyar ido. Magabata ma sun san irin wannan aikin: katsin da ake kwasowa daga karofi irin na Ƙofar Mata ƙona shi ake yi a daka, a haɗa da gashin jima da dafara a yi laso, abin shafe gini don kare shi daga ruwa. Kamfanonin siminti a Ashaka, Kalambaina da Obajana wannan ilimin ne suka faɗaɗa. Nasu tanderun doguwar ganga ce ta ƙarfe, kwance a ɗan karkace, an jera mata bulo mai jure wuta a ciki, tana juyawa ba dare ba rana, dutse yana gangarawa cikin zafin digiri 1450.

Abin da ba zai yi maka ba shi ne tangaran mai sheƙi irin na faranti da kofi. Wannan yana son digiri 1200 zuwa 1300, da wani yumɓun daban, da tanderu mai rufin baka da doguwar hanyar hayaƙi. Irinsa Baturen nan ɗan Ingila, Maikal Kadiyu, ya gina a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a farkon shekarun 1950, a cibiyar koyar da ginin tukwane da Ladi Kwali, wadda hotonta yake bayan naira 20, ta shiga a 1954. Wani zai ce maka akwai gajeriyar hanya, a daka dalmar tsohon batirin mota a shafa, tana narkewa da ƙaramin zafi ta ba da sheƙi. Ina roƙonka kada ka yi. Dalma guba ce, tana fita cikin miya da duk abu mai tsami, tana lalata ƙwaƙwalwar yara, kuma mai dakawa da iyalinsa su ke fara shaƙa. Gubar dalma ce ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010. Mai son sheƙi ya goge tukunya da santsin dutse tun tana da ɗan damshi, ko ya yayyafa mata ruwan makuba tana da zafi.

Bayan kowane toyi, kwashe toka, ka duba dogayen bulon daɓe, wanda ya tsage a canza shi kafin ya rufta da kaya. Cike tsagar bango da haɗin yumɓu da tsingaro. Ka ajiye ɗan littafi kana rubuta ƙarfe nawa ka kunna, yaushe gumi ya ɗauke, yaushe gishiri ya narke, itace nawa ya tafi, wane gefe ya yi ɗanye. Kafin ruwan farko ya sauka a watan Mayu ko Yuni, kafa masa rumfar kwano mai tsayi wadda za a iya ɗagewa ranar toyi, ka haƙa ɗan magudani kewaye da shi. In ya sha damshin damina, toyin farko na kaka ka ƙara wa wutar hayaƙi awa biyu.